Dajin Kurfai na ƙarewa a gindin tukunya

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Filinge ta nufi Yamai, tafiyar kilomita 180 ko kusa da haka ta Bonkuku da Baleyara, ya san kayan da suka fi bin ta: dabbobi, da wake, da itace. Dabba in an sayar da ita, an baro uwarta a garke, za ta sake haihuwa. Wake in an kwashe, damina na tafe, a shuka wani. Itace kuwa, wanda ake jibga wa mota har ta karkace, shi kaɗai ne hajar da ake ɗiba ba tare da kowa ya tambayi ranar da za ta dawo ba. Geza da sabara da taramniyar da suka yi shekaru suna girma a kan tudu, cikin ƙasar da ruwan samanta bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, cikin 'yan kwanaki suke zama toka a gindin tukunya.

An daɗe ana ɗaukar zancen murhu a matsayin zancen mata, abin da bai kai a kawo shi gaban majalisa ko a shafin jarida ba. Wannan raini shi ne tushen ɓarnar. A Nijar fiye da gida tara cikin goma da itace ko gawayi suke girki. Ƙidayar shekara ta 1988 ta sami mutum miliyan bakwai da 'yan kai a ƙasar nan. Ta 2012 ta sami fiye da miliyan goma sha bakwai, birnin Yamai kaɗai ya haura miliyan guda. Bakuna sun ninka, tukwane sun ninka, daji bai ƙaru da taki ɗaya ba. Ashe murhu maganar tattalin arziki ce, kuma maganar mulki ce, domin abin da ake ƙonawa a cikinsa dukiyar ƙasa ce.

Abin da duwatsu uku ke ci

Murhun duwatsu uku yana da abin yabo, shi ya sa ya daɗe. Ba a sayen sa, ba ya lalacewa, yana karɓar kowace tukunya, ƙarama ko babba, kuma yana riƙe ta daram lokacin tuƙin tuwo. Amma masana sun auna shi, sun ga cewa daga cikin zafin da itace ke bayarwa, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Sauran iska ke kwashewa. A ƙasar Kurfai, inda iskar hunturu ke kaɗawa wata da watanni, asarar ta fi haka muni. Ɗan kasuwar da ya sayi buhu goma na hatsi, takwas suka zube a hanya, ba zai kwana bai nemi inda buhu ya huje ba. Ga shi kuwa irin wannan asara ake yi a bayan ɗakinsa safe da yamma, shi ke biyan kuɗinta, bai taɓa lissafa ta ba.

Hasara ta biyu a ƙirjin mata da yara take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan uku da dubu ɗari biyu a duniya, cikinsu har da yara ƙanana masu ɗimbin yawa da ciwon haƙarƙari ya ɗauke. Macen da ke durƙushe a gaban murhu da goyo a bayanta, ita da jaririn hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Jan ido, da tari, da ciwon kai, duk an mai da su kamar gadon mace. In aka kai yaro gidan likita aka rubuto takardar magani, ba mai cewa kuɗin murhu ne ake biya, alhali kuwa sau da yawa shi ne.

Hasara ta uku ita ce ta gona, kuma ita ta fi ɓoyuwa. Inda itace ya yi nisa, mata kan koma ga karan hatsi da busasshen kashin shanu. Karan nan shi ke rufe ƙasa da rani ya hana iska kwashe ta, shi ke tare ƙurar da ke ɗauke da albarka, shi gara ke ci ta buɗe wa ruwa hanya. Kashin shanu kuwa shi ne takin talaka. Gidan da ya dafa tuwon bana da kara da kashin shanu ya rage damman baɗi da hannunsa. Manomi na kukan ƙasa ta gaji, bai lura cewa abincinta ne aka cusa a murhu ba.

Laifin wa?

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa matar ƙauye laifi, tun da ita ake gani da dami a ka. Amma ita busassun rassa take tsinta, gwargwadon abin da wuyanta zai ɗauka. Mai sare ɗanyen ice ya bar shi ya bushe, ya tara shi a bakin hanya yana jiran mota, kasuwa yake yi wa aiki, kasuwar kuwa ta birni ce. Gaskiya ne mafi yawan itacen Yamai daga wajen Say da Torodi aka saba kawo shi, amma hanyar Filinge na ba da nata kaso, ga kuma garin Filinge kansa da Baleyara da Abala, waɗanda suka girma suka zama masu sayen itace. Gawayi ya fi muni: kafin a sami kilo ɗaya ta hanyar gargajiya sai an ƙone kilo biyar ko fiye na itace. Shayin da ma'aikata ke dafawa a ƙofar ofis, da dutsen gugar da ake goge manyan riguna da shi, duk a kan bayan daji suke.

A kan wannan kuma rashin tsaro ya zo ya ƙara nauyi. Tun 2012 'yan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala, daga 2017 kuma aka sa dokar ta-ɓaci a arewacin jahar Tilaberi. Mutanen ƙauyuka da yawa sun taso sun taru a garuruwa. Dajin nesa ya zama abin tsoro, na kusa da gari kuwa ya sami gatari fiye da ƙarfinsa. Yarinyar da aka aika neman itace tun da hantsi ta rasa makaranta, kuma iyayenta ba su da kwanciyar rai sai ta dawo. Ko don wannan kaɗai ya isa a ce rage cin itace ya zama aikin gaggawa.

An yi taro, an yi doka, ina aka kwana?

Ba za a ce ba a taɓa yin komai ba. Bayan farin 1973 da 1974 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a wannan yanki, aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A cikin shekarun nan ne aka fito da murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙera ke ƙerawa da tsofaffin durom, da murhun laka mai suna Albarka, wanda mace za ta iya gina wa kanta da yumɓu da ƙaiƙayi da kashin dabbobi. Daga 1989 aka kafa tsarin makamashin gida da taimakon Bankin Duniya da ƙasar Danmak. Tun kafin wannan ma, Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana gwajin dafa abinci da ɗumama ruwa da zafin rana.

Mafi muhimmanci ita ce dokar ranar 21 ga Agusta 1992, wadda aka yi a lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya bayan Taron Ƙasa. Ita ta kafa kasuwannin itace na karkara. Hikimarta a fili take: daji ya koma hannun ƙauyen da ke kusa da shi, a ƙayyade abin da za a sara a shekara, mai mota ya saya daga hannun mutanen ƙauye, a biya haraji a nan take. Inda aka tsara dajin aka raba shi kashi-kashi, rabin harajin na zama a ƙauyen; wanda ya je ya saro daga dajin da ba shi da tsari kuwa harajinsa ya fi tsada. Ƙasashe maƙwabta sun zo sun koyi wannan tsari daga Nijar. A 2004 aka ƙara da sabuwar dokar gandun daji.

To me ya sa har yau duwatsu uku ke mulki a yawancin gidajen Kurfai? Dalili na farko, an ɗora aikin a kan furoje, furoje kuwa baƙo ne, yana da ranar tafiya. Ranar da mota da kuɗin mai suka ƙare, mai wayar da kai ta daina zuwa, murhun laka ya tsage da damina ba wanda ya gyara. Na biyu, Mai Sauƙi murhu ne da ake ƙerawa daidai da lambar tukunya; gidan da ke da tukunyar tuwo da ta miya da ta biki yana bukatar fiye da ɗaya, in kuma aka ɗora tukunyar da ba tasa ba, amfanin ya ragu. Na uku, wanda ya fi duka, mai riƙe da kuɗi daban, mai shan hayaƙi daban. Maigida ke yanke abin da za a saya, shi kuwa ba ya shiga madafa. Zai sayi sabuwar waya bai yi ciniki ba, amma in aka ce murhu sai ya ce uwarsa ma da duwatsu ta dafa. Uwarsa ta dafa da duwatsu lokacin da daji ke bakin gari.

Gas da tulun farko

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a Damagaram a ƙarshen 2011, Nijar ta sami gas nata na kanta. A 2012 hukuma ta sa farashin cika tulun kilo 6 a kan sefa 1.800, wato jika ɗaya da dala ɗari da sittin, na kilo 12 da rabi kuma 3.750. A Yamai gidaje da yawa sun koma gas tun daga lokacin. A karkara abin bai yi nisa ba, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin dalili. Itace ana sayen sa kullum, na dala ashirin, na dala hamsin, gwargwadon abin da aka samo a ranar. Gas kuwa yana son kuɗi a dunƙule, kafin nan ma sai an mallaki tulun da kan murhunsa, abin da ya ninka kuɗin cikawa sau da yawa. Talaka na biyan tsada a hankali saboda ba shi da halin biyan araha a lokaci ɗaya.

An ga maganin wannan a jahar Diffa a 2016, inda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ba dubban gidaje tulun farko, aka kuma buɗe wuraren cikawa kusa da su tare da 'yan kasuwa. Da aka cire wa mutane nauyin tulun farko, da yawa sun ci gaba da cikawa da kuɗinsu. Darasin a fili yake, kuma bai kamata a jira sai baƙo ya zo ya maimaita shi a Filinge ba. Ɗan kasuwar da ke ba da buhun shinkafa bashi zuwa ƙarshen wata zai iya ba da tulu a biya kaɗan-kaɗan, domin wanda ya karɓi tulu ya zama mai ciniki na shekaru. Matan da ke adashi don kayan ɗaki za su iya yin zubi ɗaya na tulu. Ƙungiyoyin ma'aikata, malaman makaranta da na likita, za su iya shirya wa mambobinsu saye a cire daga albashi. Motar da ta kai dabbobi Yamai, maimakon ta dawo da rabin ciki, ta dawo da tuluna.

Akwai masu cewa gas na yankewa, kuma gaskiyarsu: duk lokacin da matatar ta tsaya gyara ko hanya ta yi wuya, sai tulu ya ɓace a kasuwa, farashi ya tashi, na nesa da birni kuwa shi ke fara rasawa. Akwai masu tsoron gobara, akwai masu cewa tuwon gida mai mutum ashirin ba ya tuƙuwa a kan ɗan tulu. Duk waɗannan dalilai ne na haɗa biyu: gas don miya da shayi da ɗumame da ruwan zafi, ingantaccen murhu don tuwo da babbar tukunya. Gidan da ya yi haka ya rage itacensa ƙwarai, kuma ranar da gas ya yanke ba zai kwana da yunwa ba. Batun gobara kuwa, koyarwa yake so da binciken tuluna da robobinsu, aikin da ya rataya a wuyan masu sayarwa da hukuma.

Abin da ba ya bukatar ko dala

Kafin a kai ga saye, akwai gyaran da ke hannun kowane gida. 'Yar katanga ta laka da za ta kare murhu daga iska tana rage itace tun daga ranar farko. Busasshen ice da aka faskara ƙanana ya fi ɗanyen gungume ci da kyau, hayaƙinsa kuma kaɗan ne. Tukunyar da aka rufe ta fi saurin tafasa. Waken da aka jiƙa tun dare, aka sa masa 'yar kanwa, ba ya cinye rabin dami kafin ya nuna. A haɗa kayan miya a gama daka kafin a hura wuta, in an sauke kuma a janye sauran icen a kashe shi da ƙasa maimakon a bar shi ya cinye banza. Madafar da aka yi wa taga ko aka ɗaga rufinta tana fitar da hayaƙi, yaro kuma a nisanta shi da bakin murhu.

Sai wata mummunar al'ada da ta shigo: hura wuta da leda. Hayaƙinta guba ne, kuma a kan abinci yake sauka. Dokar ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma wanda ya zaga kasuwar Baleyara ranar Lahadi zai ga inda dokar ta tsaya. Ledar da ba a ƙona ba tana ƙarewa a cikin tumbin akuya da saniya, a ƙasar da dukiyarta dabbobi ce. Kwando da ƙwarya da faifai ba su taɓa kashe dabbar kowa ba. Tokar murhu da ɓawon kayan miya su koma gona ko bakin dabbobi, ruwan wanke hatsi kuma a zuba shi gindin zogale ko wani icen da aka dasa a tsakar gida. A cikin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa, gidajen da ke da shanun turke za su iya gwada ramin da ke fitar da gas daga kashin shanu, tun da abin da ya rage bayan an sami gas ɗin taki ne mai kyau. Tashar kiwo ta Tukunus, gidan shanun Azawak, ita ta fi cancanta ta nuna wa jama'a yadda ake yi.

A gona kuma, manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna hanya tun daga shekarun 1980. Maimakon a tumɓuke kututture lokacin sassabe, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin eka miliyan biyar ta ma'aunin hekta, ba da tukunyar reno ko ɗaya ba. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne icen girkin gida. Gawon da ke tsaye a gonakin Dallol shaida ne cewa Kurfayawa sun san darajar ice a gona tun kaka da kakanni. Abin da manomi ke bukata shi ne tabbacin cewa icen da ya rena nasa ne, ba za a ci shi tara ba ranar da ya rage masa reshe.

Wanda ya ci ladan kuturu

Saura hukuma. Kowace motar itace da ta wuce shingen ma'aikatan gandun daji ta biya wani abu, kuma doka ta ce wani kaso na kuɗin ya koma ga gyaran daji. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya kamata ma'aikatun magajin gari na Filinge, da Kurfai ta Tsakiya, da Imanan, da Tondikandiya su liƙa a bango, kowace shekara, abin da ya shigo ta hanyar itace da abin da aka yi da shi. Mutanen Shikal ko Luma da suka ga kuɗin dajinsu ya dawo ya zama rijiya ko aji, su za su fi kowane soja tsaron dajin.

Ya kamata kuma gwamnati ta fara da nata tukwane. Makarantun da ke ciyar da yara, da barikoki, da gidan kaso, da gidajen likita, su ne manyan masu ƙona itace a kowane gari, kuma da kuɗin jama'a suke saye. Ba shi da kyau ma'aikacin da ke yi wa matar ƙauye wa'azin hamada ya koma ya tarar da duwatsu uku a bayan ofishinsa. In aka ba maƙeran Filinge kwangilar manyan murahu na waɗannan wurare, aka tura samarinsu su ƙaro sani wurin maƙeran Katako a Yamai, sana'ar za ta zauna a gari ko bayan kowace furoje ta naɗe tabarmarta. Masu gidan burodi, da masu tsire da kilishi, da mata masu tuyar ƙosai da waina, su ma a fara da su, domin su ne za su ga ribar a aljihunsu cikin mako guda, kuma bakinsu ya fi rediyo kai labari.

Kowace shekara ranar 3 ga Agusta manya na sa fararen kaya su dasa ice a gaban masu ɗaukar hoto, kafin kaka awaki sun cinye rabi. Da kuɗin rumfa da lemun wannan rana ɗaya za a iya gina murhun Albarka a gidaje masu yawa, ko a sa tulun farko a hannun matan da ke tafiyar rabin yini neman itace. 'Yan kasuwa ke da motoci da jari, ma'aikata ke da albashi da alƙalami. In waɗannan biyu ba su fara daga madafar gidajensu ba, ba su da bakin tuhumar matar da ta dawo daga tudu da dami a ka.